Malamin gona, fara da lissafin ɗan acaɓa

Wasiƙar wannan makon daga Legas ta zo. Na rage mata tsawo, na cire sunaye.

"Baba, barka da aiki. Shekaruna 29, ɗan Zariya ne ni, na karanta aikin gona. Shekara biyu ke nan ina aiki da wata ƙungiya a Legas a matsayin malamin gona. Da yake ina jin Hausa, sai aka danƙa mini matasanmu 'yan Arewa, yawancinsu tsofaffin 'yan acaɓa, in koya musu noman lambu a wani fili da aka ara mana a yankin Ojo. Mun fara da mutum 40, yanzu 9 ke zuwa, sai ranar da ake raba kuɗin mota ne wuri ke cika. In ina bayani suna danna waya. Rannan wani ya ce mini a gaban kowa, 'Malam, wannan duk turanci ne, ubana ya fi shekara arba'in yana lambu bai taɓa auna komai ba.' Aka kwashe da dariya. Ogana kuma hoto da jerin sunayen mahalarta kawai yake so, har ya yi mini hannunka mai sanda cewa in cike takardar da sunayen waɗanda ba su zo ba. Abokan karatuna wasu sun gama digiri na biyu. Baba, in ajiye aikin nan in koma makaranta? Ko ni ne ban iya ba?"

Ɗana, sannu da aiki, Allah ya yi maka albarka. Tambaya biyu ka yi mini a fili, ta uku ka cusa ta a tsakiyar wasiƙa. Ita zan fara kashewa don gajeriya ce: kada ka rubuta sunan wanda bai zo ba, ko mutum ɗaya. Zan dawo kan yadda za ka ƙi ba tare da ka rasa abincinka ba. Batun ajiye aiki kuwa, ba yanzu ba. Saura wadda ta fi ci maka rai, wai ko kai ne ba ka iya ba. E, akwai abin da ba ka iya ba tukuna, amma noma ka iya shi. Lissafin yaran nan ne ya shige maka duhu, kuma ban ga laifinka ba, don ba a koyar da shi a aji.

Tun ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba, yaranmu da yawa suka wayi gari ba sana'a. Wasu an ƙwace baburansu an murƙushe, wasu suka sayar da asara. Su ne aka tara maka. To ka tsaya ka duba yadda ranar ɗan acaɓa take. Da asuba ya fita, kafin azahar ya haɗa balas ɗin mai babur, abin da ya biyo baya nasa ne: na abinci, na kati, na zubin adashi, da abin da zai kai wa mai POS a tura wa mahaifiyarsa. Kullum da kuɗi yake kwana, ko kaɗan ne. Wannan mutumin ka zaunar a ƙarƙashin rumfa tun ƙarfe tara har azahar kana yi masa bayanin sinadaran ƙasa, a daidai sa'o'in da zai iya dako a kasuwa ko ya tura baro ya sami na tuwo. Shi a wurinsa darasinka ba kyauta ba ne, da kuɗin yininsa yake biya. Da ka ce ranar kuɗin mota ake cika, ni ban ji kwaɗayi a ciki ba, na ji mutane ne da suka zo ranar da zaman bai ja musu asara ba. Akwai 'yan cin banza a cikinsu, ba na musu, ko'ina akwai. Amma mutum 31 ba sa zama malalata a lokaci guda. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka tambayar da za ka riƙa amsawa kafin a yi maka ita ita ce: yaushe zan ga kuɗi, kuma nawa? Allah ya taimake ka, lambun Legas yana da amsa mai daɗi. Alayyafo, wanda Yarbawa ke kira tete, wata guda bayan shuka an fara cira. Lalo, wato ewedu, ya ɗan ɗara haka kaɗan, kuma babu ranar da garin nan ba a kaɗa miyarsa. Latas in an dasa shi, wajen wata guda ya isa kasuwa. Ugu kuwa, ganyen miyar mutanen Kudu, in ya kama, ana yanka yana tohowa watanni. Ka bar maganar kiwon tarwaɗa da kaji tukuna, ko da suna cikin takardun da aka ba ka, don tarwaɗa sai ta ci wata huɗu zuwa shida tana cinye jari a abinci kafin ta mayar da ko sisi. Dabarar ita ce kada a shuka filin gaba ɗaya rana ɗaya. A shuka bedi, wato kunyar lambu mai faɗi, guda biyu wannan makon, biyu mako mai zuwa, haka dai har a zagayo. Watan farko ne mai wuya. Daga nan kowane mako akwai abin cira, kowane mako akwai abin rabawa. In da hali a kuɗin ƙungiyarku, a wannan wata na farko ya kamata a tattara kuɗin motar da ake watsawa, a ba wa masu ban ruwa safe da yamma. Darasin kuma ka dawo da shi bayan sallar asuba, a bakin bedi, kada ya wuce rabin awa, kowa ya kama gabansa ya je neman na yini.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha, ko za ka ji sanyi. A shekarun 1980 ina sabon malamin gona a wani ƙauye a Arewa. Zamanin ne da ayyukan raya noma na Bankin Duniya, waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, suka bazu zuwa jihohi. Tsarin da muke bi shi ne horo da ziyara: duk mako biyu a tara mu a koya mana saƙon wannan zagayen, mu hau babur mu kai wa zaɓaɓɓun manoma. Na isa gonar wani dattijo da igiyata mai ƙulle-ƙulle ta auna tazarar masara, da littafi a hammata, da takalmi sau-ciki. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Sai ya ce, "Malam, albashinka yana zuwa ko damina ta yi ko ba ta yi ba?" Na ce yana zuwa. Ya ce, "To ni nawa albashin yana cikin ƙasar nan, in na bi igiyarka ta ƙi, wa zai ciyar da su?" Ya nuna yaran da ke zaune a gindin kuka. Na rasa abin cewa. Da zan hau babur ya kira ni, ya nuna mini wata kusurwa kusa da suri, ba ta fi faɗin ɗaki huɗu ba, ya ce in yi abin da na ga dama a nan. Ranar na cire takalmi. Da kaka kusurwar ta fi, amma shi bai ce uffan ba. Damina ta gaba na tarar ya yi tasa igiyar da rama, ƙullinta ma ya fi nawa daidai.

Na kawo wannan ne saboda yaron da ya ba ka kunya. Kada ka riƙe shi a zuciya. Cikin tarar da suka rage, ina kyautata zaton shi ne jarinka mafi girma, don shi kaɗai ya damu har ya yi gardama, kuma ya taso a lambu. Maganarsa ma akwai gaskiya a ciki: ubansa bai taɓa auna komai da ma'auni ba saboda ya auna da ido shekara arba'in a ƙasa guda. Abin da yaron bai lura ba shi ne ƙasar ubansa ba ita ce ta Ojo ba. A fadamar Arewa lambu aikin rani ne, ana yin fangali mai zurfi don ya riƙe ruwa, ruwan shi ne abin tattali. A Legas da damina ruwa ne abokin gaba. Daga Afrilu zuwa Yuli ana tafka shi, Yuni da Yuli sun fi tsanani, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Wanda ya yi fangali irin na gida a watan Yuni, tafki ya haƙa wa shukarsa, saiwa ta ruɓe. Sai an ɗaga bedi sama an bar wa ruwa hanya. Ƙasar wajen kuma rairayi ce, ba ta riƙe taki. In ya watsa yuriya gaba ɗaya yadda ya ga ana yi a gida, ruwan sama biyu sun wanke ta, ya yi wa ƙorama sadaka. Sai dai a riƙa sawa kaɗan-kaɗan, a dogara da kashin kaji wanda ya kwana ya huce, don ɗanye ƙona shuka yake. Haka tumatir: zai so ya shuka don shi ya sani, amma laimar Kudu tana haɗa shi da cututtukan da ba su cika damunsa da rani a Kadawa ta Kano ba.

Duk wannan kada ka faɗa masa da baki. Ka kira shi gefe, ba a gaban jama'a ba, ka ce, "Na ji maganarka rannan, kuma ina son in ga aikin Baba. Ga bedi biyu, ka yi ɗaya yadda yake yi, mu yi ɗaya yadda na ce, iri ɗaya, rana ɗaya." Sauran su zama alƙalai, kowane mako a zagaya a duba, a cire shuka ɗaya daga kowane bedi a kalli saiwa. Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Haka makarantun manoma na cikin gona suke, waɗanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara da manoman shinkafa a Indonesiya a 1989: manoma su haɗu mako-mako a gona tun shuka har girbi, su duba, su yi gardama, su yanke shawara, malami yana gefe yana jefa tambaya. Sai dai ka shirya wa abu ɗaya, zai iya kayar da kai a wani fannin. Mai yiwuwa hannunsa ya fi naka a yayyafa iri da dashe, don irin alayyafo ƙanana ne, sai an cakuɗa da yashi, kuma wanda ya saba tun yana yaro ba a haɗa shi da wanda ya karanta. In ya kayar da kai, ka faɗa da bakinka a gaban waɗanda suka yi dariyar, ka ce shi zai koya wa kowa wannan. Ba abin da zai ragu a jikinka.

Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Yaushe rabonka da kasuwar Mile 12 da asuba? Ba wucewa a mota ba, tsayawa. Ka ga yadda ake sauke kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attaruhu da albasa daga manyan motocin da suka kwana a hanya, ka ji yadda dillali ke yanka farashi, ka ga abin da ake zubarwa kafin hantsi. A nan za ka gane inda ribar yaranka take. Ba za su iya gasa da albasar Aliero ko tumatirin Kano ba, waɗannan da tirela suke zuwa. Amma ganye ba ya jure tafiyar kwana biyu. Latas da alayyafo da lalo da albasa mai lawashi, wanda ya fi kusa da tukunya shi ke cin kasuwarsu, kuma yaranka a bakin tukunyar suke. Malamin gonar da bai san farashin abin da yake koyarwa ba, rabin aiki ya sani. Ka san wa ke saye, ranar da ya fi saye, da ɗauri yake so ko da bedi. A lambunan Legas sau da yawa mata 'yan kasuwa ne ke zuwa har gona su saye bedi sukutum su cire da kansu, kuma yawancinsu Yarbawa ne ko Inyamurai. Yaron da bai iya ciniki da su ba zai yi wahalar wata guda ya sayar a farashin da aka ga dama.

Wannan ya kawo ni kan abin da na ga matasanmu masu ilimi suna raina wa a Legas, wato yaren gari. An ɗauke ka aiki don kana jin Hausa, to amma amfaninka zai ninka ranar da ka iya tsayawa tsakanin yaranka da mai saye. Ba sai ka zama ɗan Ibadan ba. Gaisuwa, ƙirga, sunayen ganye, da yadda ake rusuna wa babbar mace, sun isa farawa. "E ku ishe" kawai, wato sannu da aiki, tana sassauta fuska. Wasu daga cikin yaran sun fi ka jin Yarbanci da burokin, acaɓa ta koya musu. Ka sa su koya maka, su yi maka dariya in ka karya harshe. Da ɗan gari akan ci gari, su kuwa a titin Legas sun riga ka zama 'yan gari.

Akwai fanni ɗaya da ban yarda ka yi sassauci ko gwajin wa ya fi ba, shi ne feshi. Ganyen da ake cira yau a ci gobe, wani ma ɗanye kamar latas, ba wurin ganganci ba ne. Na sha ganin yaro ya goya injin feshi ba riga, ya auna magani da murfin kwalba, ya motsa da hannu, ya fesa da yamma, da safe a cire a kai kasuwa. Kowane magani na gaskiya akwai rubutu a jikinsa na adadin da ake sawa da kwanakin da za a jira kafin girbi, akwai kuma lambar rajistar NAFDAC. Yawancin yaranka ba za su karanta turancin nan ba, kai ne idonsu. Ka koya musu da hannu: a cika injin da ruwa zalla, a auna fili, a fesa da tafiyar da aka saba, a ga lita nawa ta tafi, daga nan a san maganin da bedi ke bukata. Kai ma sai ka gwada wannan kai kaɗai sau biyu kafin ka tsaya gabansu, don na san masu digiri da yawa da ba su taɓa goya injin feshi mai lita 16 a bayansu ba. In suna ganin wasa ne, ka tuna musu wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin wanda mutanenmu ke zuba wa hatsi a rumbu. A nan ma haka abin yake a ƙaramin mataki: rana ɗaya mai sayen latas ta ji warin magani, ba za ta dawo ba, kuma za ta gaya wa 'yan layinsu.

Wayar da suke dannawa kuwa, daina kishi da ita, shiga cikinta. Ka buɗe musu zaure a WhatsApp, ka riƙa tura saƙon murya da Hausa, minti ɗaya, magana ɗaya. Rubutu mai tsawo ba mai karantawa. Su kuma duk wanda ya ga ganye ya canza launi ko tsutsa ta ɓulla, ya ɗauki hoto ya turo. Za a turo maka abin da ba ka sani ba, wannan tabbas ne. Ka ce, "Ban sani ba, ku ba ni zuwa jibi," sannan jibin ta same ka da amsa. Hukumar raya aikin gona ta jihar Legas tana Oko-Oba a Agege, akwai tsofaffin malaman gona a can da suka san ƙasar jihar tun daga Badagry har Epe. Ka je ka gaishe su, ka karɓi lambar mutum ɗaya ko biyu. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana Ibadan, haka ma cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA. A gida kuma ka san cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a Samaru da ƙasidunta na malaman gona. Matashi yakan yafe wa malamin da ya ce bai sani ba. Wanda ya yi masa ƙarya har shukarsa ta mutu, wannan ba ya yafewa.

Wani abu da ba ka ambata ba amma ya tsaya mini a rai: ka ce filin aro ne. Na wa? Har yaushe? Akwai takarda? Legas gari ne da ake kwana da lambu a tashi da tubali, ga kuma 'yan omonile, masu iƙirarin cewa filin gadonsu ne. Yaran sun san haka ko ba su faɗa ba, kuma ba mai zuba ƙarfinsa a ƙasar da za a iya kore shi gobe. Ka binciko amsar ka gaya musu gaskiya. Ka kuma kai gaisuwa wurin Sarkin Hausawan yankin da shugaban masu lambun da suka riga ku a wurin, don ranar rigima su za a nema, ba ogan da ke ofis ba.

To, ga ogan. Kada ka je masa da wa'azi, kada ka ce masa maƙaryaci, kada kuma ka kai ƙararsa sama tun yanzu. Shi ma wani yake tsoro, masu ba da kuɗi sun ce 40, shi kuma 40 yake son nunawa. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Ranka ya daɗe, ina jin tsoron ranar da za a zo tantancewa a kira lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, sa hannuna ne a ƙasa, kuma sunan ofis ne zai ɓaci." Wannan gaskiya ce, masu ba da tallafi suna kiran waya, suna kuma zuwa ba sanarwa. Amma kada ka tsaya a ƙi, ka kawo masa abin da ya fi jerin sunaye. Ka sayi littafi mai kauri. Kowane yaro shafinsa: ranar shuka, irin da aka sa, kuɗin taki da magani, ranar cira, wa ya saya, nawa aka sayar, nawa ya rage. Waɗanda suka tafi ma ka bi sawun goma daga ciki ka tambaye su dalili, ka rubuta da kalmominsu. Ƙarshen wata ka fitar da shafi ɗaya tak: mun fara da kaza, kaza suka tsaya, ga abin da suka samu, ga abin da ya kori sauran, ga gyaran da nake nema. Ka tura ta imel don ya zama akwai shaida, ka ajiye kwafi. Oga mai hankali zai gane cewa mutum tara da ribarsu a rubuce sun fi hoton mutum arba'in riƙe da lemo. In kuwa ya nace sai ka sa hannu a ƙarya, ka ce cikin ladabi ba za ka iya ba, ka fara neman wani wuri a hankali. Ranar da asiri ya tonu ƙaramin ma'aikaci ake miƙawa, kuma duniyar ƙungiyoyin noma ƙarama ce, kowa ya san kowa.

Rubuta rahoton shafi ɗaya da mutum zai karanta ya gane, da iya jera lissafi a kwamfuta, da tsayawa gaban manya ka yi bayanin minti biyar ba kame-kame, waɗannan su ke ɗaga malamin gona daga fili zuwa mai tsara aiki. Na ga hazikai da yawa sun tsufa a mataki ɗaya don aikinsu yana cikin kansu, ba wanda ya taɓa ganinsa a takarda.

Digiri na biyu abu ne mai kyau, ina son ka yi. Amma in ka tafi yau, gudu ka yi, kuma za ka zauna a aji ba ka da tambayar kanka, sai wadda malami ya ba ka. In ka ƙara shekara ɗaya da littafin nan a hannu, za ka shiga da abin da abokanka ba su da shi: bayanan matasan Arewa da suka bar acaɓa suka kama lambu a Legas, wa ya tsaya, wa ya tafi, me ya sa. Wannan kundin bincike ne a shirye. Kuma ba dole sai ka ajiye aiki ba. Jami'ar aikin gona ta tarayya tana Abeokuta, nan kusa, jirgin ƙasa ma yana zuwa. Jami'ar jihar Legas tana da makarantar noma a Epe, akwai kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Gajeren horo kuwa, ARMTI da ke Ilorin aikinta ke nan, horar da ma'aikatan noma kan tsarawa da tafiyar da ayyuka. Ka roƙi ofis su tura ka, a rubuce, ka haɗa da rahoton wata uku. Wata Asabar kuma ka je Araga a Epe, inda gwamnatin jihar ta kafa shirin horar da matasa noma na Agric-YES tun 2009, ka ga yadda wasu suka tunkari irin matsalarka, abin da ya yi ka ɗauka, wanda bai yi ba ka bar musu. Batun kwatanta kanka da abokan karatu ba zan ɓata tawada a kai ba, ka san amsar.

Ban yi maka alkawarin 31 ɗin nan za su dawo ba. Wasu sun koma gida, wasu sun sami gadi, wasu noman ne ba sa so, kuma haƙƙinsu ne. Waɗanda za su dawo ba kiranka zai dawo da su ba, ranar da suka ga ɗaya daga cikin taran ya tsaya gaban mai POS yana tura kuɗin lalo gida, da ƙafarsu za su zo. In sun zo kada ka yi musu gori, amma kada ka ba su bedi sai sun yi mako biyu suna ban ruwa a ƙarƙashin waɗanda suka tsaya.

Ranar Litinin ka bar allo da takardun a ofis, ka sa takalmin roba, ka isa filin kafin su iso. Ka fara da kiran yaron nan gefe. In an cire alayyafon farko ka rubuto mini, ina son in ji bedin wa aka fi saye da tsada, naka ko na ɗan mai lambu.